Mai Turaku: Malam Abdulmannan Haris da Aron Kangayen Haɗejia

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Abdulmannan Haris, wanda mutanen Haɗejia suka fi sani da Mai Turaku, a cikin daminar shekarar 1955, a Garin Kolo, wani ɗan ƙauye da ke bisa tudu a tsakiyar fadamun Baturiya. Sunan mahaifinsa Malam Haris ɗan Sunusi, manomin shinkafa kuma masunci. Sunan mahaifiyarsa Ummussalma, 'yar Bulama, wato mai garin. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma shi kaɗai aka san shekarar haihuwarsa, domin limamin garin ya rubuta ta a bangon littafinsa, amma bai rubuta wata ko rana ba.

Fadamar da ya buɗe ido a cikinta ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba. Idan kogi ya kawo ruwa, wurin na masunta ne. Idan ruwa ya fara janyewa, manoma su bi shi da iri. Idan an girbe, makiyaya su shigo da shanu su ci kara su bar taki. Baƙon da ya zo neman gona kuwa aro ake ba shi, bisa sharuɗɗa uku da kowane ɗan fadama ya sani ba tare da an koya masa ba: ba zai yi ginin ƙasa ba, ba zai dasa itace ba, kuma idan ya girbe zai kai wa mai gona kwando ɗaya. Kwandon nan ba haya ba ne, shaida ce cewa mai aro ya san gonar ba tasa ba ce. Sharaɗin itace shi ya fi tsanani, domin a al'adar wurin duk wanda ya dasa itace ya ce ƙasa tasa ce.

Malam Abdulmannan ya sha ba da labarin cewa a shekarar 1964 wata gwaiba ta tsiro da kanta a gonar da mahaifinsa ya ara. Malam Haris bai jira kowa ya gani ba. Ya tone ta da ƙasarta, ya yi tafiyar sa'a biyu a ƙafa, ya kai wa mai gonar har gida, ya ce tsuntsu ne ya shuka, amma shi ba zai kwana da ita ba.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo a hannun limamin Garin Kolo, ya kuma sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu. A 1963 aka sa shi makarantar firamare a Kirikasamma, inda a watannin cikar kogi sai da kwalekwale yake zuwa. Daga 1970 zuwa 1974 ya yi sakandare a Haɗejia, yana zaune a gidan kawunsa Malam Sunusi, a cikin tsohon gari. Malamansa sun shaide shi da lissafi da zane, sun kuma shaide shi da taurin kai a kan abin da ya tabbatar. An ce ya taɓa auna filin ƙwallon makaranta da taku, ya je ya gaya wa shugaban makaranta cewa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo da taku huɗu. Aka sake awo da igiya, aka samu haka ne, aka kuma yi masa bulala biyu saboda shisshigi.

A 1975 ya tafi Kaduna koyon safiyo, wato awon ƙasa da zanen taswira, ya kammala a 1978. Abokan karatunsa da yawa sun nemi aiki a manyan birane. Shi kuwa ya dawo gida, ya ce ba zai iya zama a garin da ba a jin warin kifin banda ba.

Fara Aiki

A watan Satumba na 1979 aka ɗauke shi aiki a sashen filaye na ƙaramar hukuma a matsayin mataimakin mai awo. Aikinsa shi ne auna fulotai da kafa turakun siminti a kusurwoyinsu huɗu. Daga nan sunan Mai Turaku ya bi shi, har ya kai wasu ba su san sunansa na yanka ba sai ranar jana'izarsa. Yana yawo a kan keke, igiyar awo a kafaɗa, turaku a ɗaure a baya, kuma bai canja keken da babur ba sai a 1990, bayan iyalinsa sun gaji da yi masa magana.

An san shi da abu biyu. Na farko, turken da ya kafa ba ya matsawa ko da taƙi ɗaya, ko mai neman a matsar babban mutum ne. Na biyu, ba ya raba rikicin iyaka yana zaune a ofis. Sai ya je wurin da kansa, ya tsuguna, ya tone ƙasa da hannu har turken ya bayyana, sannan ya ɗaga kai ya dubi masu rigimar. Yawanci maganar a nan take ƙarewa. A 1988 aka ɗaga shi zuwa mai awo, a 1995 kuma ya zama shugaban masu awo.

Aure da Iyali

A 1981 ya auri Adila, 'yar wani maɗinki daga garin Malam Madori. Suka tare a ɗakuna biyu na gidan kawunsa, da niyyar zaman wucin gadi. A gidan nan aka haifi 'ya'yansu bakwai, tsakanin 1982 da 1999. Gida ne matsattse a cikin lungu, wanda idan an yi ruwan sama sai an ɗaga tabarmi.

A 1993, da aka yanka sabuwar unguwar da ake kira Sabon Awo a bayan gari, shi ma ya samu fuloti ɗaya, mai lamba 114, kamar yadda sauran ma'aikata suka samu. Ya kafa turakunsa da hannunsa, ya yi wa Hajiya Adila alkawarin cewa da zarar ya yi ritaya zai gina mata gida a can, mai tsakar gida da za ta iya shanya ba tare da kayanta sun taɓa na maƙwabta ba. Ita kuwa ta kan ce da mata 'yan'uwanta, cikin raha, mijinta ya auna wa rabin gari wurin zama, ita ko wurin ajiye turmi bai auna mata ba.

Yadda Aron Kangaye Ya Fara

Bayan kafa Jihar Jigawa a 1991 mutane sun yi rububin mallakar fili. Ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna Kano da Dutse da Legas suka karɓi fulotai a Sabon Awo, suka tafi, ba su ko dawo sun leƙa ba. Cikin shekara uku unguwar ta zama gida ɗaya nan, kangaye biyar can. Ciyawa ta rufe turaku, aka mai da wasu fulotan juji, macizai suka samu mazauni. A daidai lokacin kuma matan da ke sana'ar busar da tattasai ba su da wurin shanya sai gefen kwalta, inda motoci ke bi ta kan kayansu. A watan Maris na 1996 mota ta buge wata dattijuwa a bakin shanyarta, ta karya mata ƙafa.

Washegari Malam Abdulmannan ya tafi gidan Alhaji Fannami, babban dillalin kifin banda, wanda yake da fulotai shida a Sabon Awo, kuma mutum ne da sauran masu filaye ke bin maganarsa. Ya roƙe shi aron fuloti uku na rani ɗaya, bisa sharuɗɗan nan uku na fadama. Alhaji Fannami ya san al'adar, domin shi ma asalinsa bakin ruwa ne, ya amince. Matan suka share wurin, suka ƙone ciyawa, turaku suka fito fili. Da damina ta kusa suka tashi, suka bar wurin fes, suka kai wa Alhaji kwandon tattasai. A shekarar da ta biyo baya masu filaye goma sha ɗaya ne suka zo da ƙafarsu suna neman a ara nasu.

Daga nan abin ya yaɗu. Aka samu masu lambun alayyafo da salak da albasa, da masu rumfar Islamiyya ta zana, da matasa masu ƙwallo, da masu sayar da raguna idan layya ta ƙarato. Malam Abdulmannan ya tsara takarda mai shafi ɗaya: sunan mai fili, sunan mai aro, lambar fuloti, watan shiga, watan fita, da sharuɗɗa uku. Ba doka ba ce, babu wanda ya umarce shi, kuma a shekarun farko abokan aikinsa dariya suke yi masa, suna cewa an ɗauki mutum aikin safiyo ya ɓige da rabon wurin shanya. Abin da ya riƙe tsarin gaba ɗaya shi ne amincewar masu filaye cewa duk ranar da suka so gini za su tarar da filinsu yadda suka bar shi. Shekara goma sha shida aka yi ba a samu wanda ya ƙi tashi ba, ko mutum ɗaya.

Ambaliyar 2012 da Mangwaron Bakari

A daminar 2012 kogi ya yi cikar da ta cinye ƙauyuka da dama. Aka tsugunar da mutane a makarantun firamare, amma lokacin komawa karatu ya zo ruwa bai gama janyewa ba. Malam Abdulmannan ya bi masu filaye, wasu gida-gida, wasu ta waya, har ya samu aron fulotai sittin da uku. Aka kafa bukkokin zana, aka yashe makarantu, yara suka koma aji. Wannan aiki kaɗai ya isa a gode masa, kuma waɗanda suka kwana a bukkokin nan har yau suna godewa.

Cikin waɗanda aka tsugunar akwai Bakari, masunci daga wani ƙauye da ke ƙasan Garin Kolo, da matarsa Hajo da 'ya'yansu biyar. Aka ba su ɗaya daga fulotan Alhaji Fannami. Abin da Bakari ya tsira da shi bai wuce komar kamun kifi ɗaya da wata tukunyar ƙasa ba, a cikinta ɗan dashen mangwaro. Daga ƙwallon bishiyar da mahaifinsa ya dasa a ƙofar gidansu ya raine shi, ita kuwa bishiyar ruwa ya tumɓuke ta. Ranar shiga Malam Abdulmannan ya ga tukunyar, ya tsaya ya dube ta, ya ji tarihinta, sai tausayi ya kama shi. Ya yanke cewa abin da ke cikin tukunya kaya ne, ba itace ba ne, ya rubuta takarda ya wuce. Wannan shi ne kuskure ɗaya da aka sani a aikinsa na shekara talatin da biyar.

Da rani ya tsananta, Bakari ya yi abin da kowa ke yi a ƙauyensu don kada dashe ya bushe: ya haƙa rami ya binne tukunyar har wuya. Tukunyar kuwa tana da huda a gindi. Sauran 'yan gudun ruwa suka koma garuruwansu, amma gonar Bakari kachalla ta cinye ta, wato ciyawar nan mai toshe hanyoyin ruwa, don haka ya zauna yana lambu a fulotin, ana sabunta masa takarda. Saiwa ta bi huda ta shiga ƙasa ba wanda ya sani. Zuwa watan Fabrairu na 2014 mangwaron ya fi zana tsawo.

Alhaji Fannami ya zo wucewa ya hango ganye. Ya shiga, ya sa aka tone wuyan tukunyar, aka yi ƙoƙarin ɗagawa, ta ƙi motsi. Ya aika aka kira Malam Abdulmannan, ya ce da shi a gaban jama'a: "Malam Abdu, shekara goma sha takwas ina ba ka fili, ban taɓa tambayarka wa za ka sa ba. Yau ga itace a ƙasata. Gobe jikokinsa su ce kakansu ne ya dasa, kai ba ka nan, ni ba na nan, wa zai ƙaryata su?" Ya ba da kwana bakwai a kwashe daga fulotansa shida. Kafin kwana bakwai su cika, masu filaye talatin da takwas sun aiko su ma a ba su nasu. Kai, an shiga tashin hankali! Masu shanya da masu lambu da malaman Islamiyya, sama da gida ɗari biyu, kowa ya rasa inda zai dosa, ga albasa ta kusa cira.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Wasu sun ba Malam Abdulmannan shawara ya ɗora komai a kan Bakari, baƙo ne, a kore shi a huta. Saura wata bakwai ya yi ritaya da suna mai tsabta, kuma babu wanda ya san ya ga tukunyar sai shi da Bakari, wanda tsoro ya hana shi buɗe baki. Amma da aka ba shi magana sai ya ce: "Baba Alhaji, Bakari bai dasa ba, ajiyewa ya yi, kuma da izinina. Na ga tukunyar nan da idona tun ranar farko. Ni aka haifa a fadama, ni na fi kowa sanin ƙa'ida, ni na kau da kai. Laifin nawa ne, kuma ni zan gyara."

Daga nan ya tuɓe babbar riga, ya karɓi diga da shebur, ya shiga fulotin. Yana da shekara hamsin da takwas. Tun da hantsi yake haƙa har la'asar, ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Ya fasa tukunyar, ya sare uwar saiwa a gaban kowa, ya fito da mangwaron da dunƙulen ƙasarsa, ya sa shi a rabin duro, ya cike ramin ya daddale. Alhaji Fannami yana zaune a kan benci bai tashi ba sai don salla. Da aka gama ya ce ya janye maganarsa a kan fulotai biyar, sauran masu filaye ma su yi haƙuri su bar mutane. Amma ya ce Bakari sai ya tashi daga na shidan, kuma bayan abin da ya faru babu mai filin da ya yarda ya karɓe shi.

Da yammacin ranar aka ɗora duron da koma da zana a kan amalanken shanu, aka kai su fuloti mai lamba 114. Malam Abdulmannan ya cika takardar aro kamar ta kowa, ya rubuta sunansa a gurbin mai fili. Da ya koma gida ya sanar da Hajiya Adila, sai ta ce: "Malam, aron na shekara nawa ne?" Ya ce na bana ne. Daga baya ta kan ce ta ƙirga bana goma.

Ritaya da Shigar Aro Cikin Tsarin Gari

Ya yi ritaya a watan Satumba na 2014, ba a kuma gina gidan ba. Daga rikicin mangwaro ya fitar da sharaɗi na huɗu: mai aro na iya raino itace a duro ko a tukunya, amma ba za a binne ba, kuma sau ɗaya a shekara, bayan girbi, za a ɗaga kowane duro daga ƙasa a gaban mai fili ko wakilinsa, a ga haske a ƙarƙashinsa. Mutanen Sabon Awo suka sa wa ranar suna ranar ɗaga duro. Masu filayen da suka yi fushi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, domin yanzu akwai abin da ido ke gani.

A 2016 kwamitin tsara gari ya gayyace shi a matsayin mai ba da shawara. A zaman da aka yi, a karon farko aka shigar da filayen aro cikin taswirar unguwa da launinsu na daban, aka karɓi takardarsa mai shafi ɗaya ba tare da an ƙara mata layi ba, aka kuma yarda cewa duk sabon yanka za a tanadi yadda za a yi amfani da kangayensa kafin a gina su. Abin da aka yi wa dariya shekara ashirin ya zama abin da ake koya wa sabon ma'aikaci a makonsa na farko. Ɗaliban tsara birane sun riƙa zuwa daga jami'o'i suna yi masa tambayoyi, suna ba abin dogayen sunaye na Turanci. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce da su bai ƙirƙiri komai ba, fadamar mahaifinsa ce ya shigo da ita cikin gari.

A ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba a yi faman bin masu filaye gida-gida ba, taswira aka buɗe. Alhaji Fannami ya rasu a 2020, kuma kafin rasuwarsa ya bar wa magadansa wasiyyar kada su hana aro muddin Mai Turaku ko takardarsa na nan.

Shekarun Ƙarshe

A 2019 babban ɗansa Sa'idu ya gina wa iyayensa ɗan madaidaicin gida a hanyar Malam Madori, Hajiya Adila ta samu tsakar gidanta bayan shekara talatin da takwas, ko da yake ba a inda aka yi mata alkawari ba. Fuloti mai lamba 114 kuwa, wanda gari ya riga ya kewaye, masu nema suka yi ta zuwa, yana mai da su. Kowace shekara ya kan je ranar ɗaga duro kamar kowane mai fili, ya sa a ɗaga, ya sunkuya ya leƙa, bai taɓa ɗaga wa Bakari ƙafa ba. Bakari kuma ya kan kai masa kwandon alayyafo da albasa. Mangwaron ya zauna a duro shekara goma, ya ƙi girma ya ƙi mutuwa, ya yi fure ya zubar, bai taɓa riƙe ɗa ko ɗaya ba. Bakari ya tsufa a bukkar zana, kuma kowace shekara idan watan fita ya zo sai Hajo ta ɗaure kayanta ta jira.

A farkon 2024 ciwon ƙoda ya fara taɓa Malam Abdulmannan. Ranar Asabar, 17 ga Agusta, yana kan ƙafafunsa kuma da cikakken hankalinsa, ya tara 'ya'yansa da Hajiya Adila da limamin unguwa, bayan ya shawarce su tun da farko sun amince, suka tafi fulotin. Ba lokacin ɗaga duro ba ne. Da Bakari ya ga taron, kuma ya ji an ce ya kawo diga, sai ya ce: "Malam, in tashi ne, don Allah a bar ni in kai girbi." Malam Abdulmannan ya nuna tsakiyar fili da sandarsa ya ce: "Haƙa nan, Bakari. Fitar da mangwaron daga duron nan ka sa shi a ƙasa. Ya gaji."

Duk wanda ke wurin ya san abin da hakan ke nufi. Bakari ya zauna a ƙasa ya yi kuka, dattijo mai furfura, Hajo ma tana kuka a bakin bukka. Allah sarki! Sai 'ya'yan Malam ne suka haƙa ramin, amma Bakari ne ya sa mangwaron da hannunsa, domin Malam ya ce ba ya halatta wani ya sa masa. Takardar kyauta ta biyo baya da mako ɗaya, da sa hannun shaidu.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Malam Abdulmannan Haris da hantsin ranar Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2024, daidai da farkon watan Jimada Ula na shekarar 1446 bayan Hijira, a gidansa, yana da shekara sittin da tara. Ƙofar gidan ba ta ɗauki jama'a ba, sai aka kai shi Sabon Awo. Matan da ke shanya a fulotan magadan Alhaji Fannami suka kwashe kayansu ba tare da an roƙe su ba, suka share wurin, a nan aka yi masa salla bayan azahar, a filin da ya fara arowa shekara ashirin da takwas da suka wuce. Aka binne shi a maƙabartar gari, kusa da kawunsa Malam Sunusi.

Ya rasu ya bar mata ɗaya, Hajiya Adila, da jikoki ashirin da uku, da 'ya'ya bakwai: Sa'idu, malamin asibiti a Dutse, Khadija, malamar makaranta a Kaugama, Mustapha, manomin shinkafa, Larai, ungozoma, Abdulfattah, mai awon ƙasa, Ummussalma, mai sunan kakarta, da Haris, wanda ake kira Abba, ɗalibi.

A bazarar da ta biyo bayan rasuwarsa mangwaron ya riƙe 'ya'ya goma sha ɗaya. Bakari ya tsinke su duka, ya jera a kwando, ya kai wa Hajiya Adila kamar yadda ya saba kai kwando kowace shekara. Ta dubi kwandon, ta ɗauki guda ɗaya, ta tura masa sauran, ta ce: "Malam Bakari, mai fili ba ya kai kwando. Wannan ɗayan na karɓa a matsayin kyautar maƙwabci, ɗauki sauran ka kai wa Hajo."

Allah ya jiƙan Mai Turaku, ya yalwata masa makwancinsa, ya ba shi mazaunin da babu watan fita a takardarsa. Amin.